Martin Luther King (1929 – 1968): Jagoran Da Ya Yaƙi Zalunci Bai Ɗauki Makami Ba

 A wannan fitowar za mu tsallaka teku zuwa ƙasar Amurka, domin mu duba rayuwar wani baƙar fata, malamin coci, wanda shekara 39 kacal ya yi a duniya, wato Martin Luther King ƙarami. Wannan bawan Allah an kama shi kusan sau 30, an jefa bam a gidansa, an soke shi a ƙirji, an jefe shi da dutse, daga ƙarshe kuma aka harbe shi. Duk da haka bai taɓa yarda mabiyansa su rama da makami ba. To me ya ba shi wannan ƙarfin zuciya? Kuma me ya sa mutanen da suka yi ta yi masa tafi a 1963 suka juya masa baya a 1967?

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haife shi ranar 15 ga Janairu, 1929 a birnin Atlanta na jihar Jojiya, a kudancin Amurka. Mahaifinsa shi ne fasto na cocin Ebenezer, mahaifiyarsa Alberta kuwa ta yi karatun malanta, kuma ita ce ke yin kiɗa a cocin. Gida ne mai rufin asiri, ba su san yunwa ba. Sai dai a wancan zamani rufin asiri ba ya kare baƙar fata daga wulaƙanci.

An soke bauta a Amurka tun 1865, amma jihohin kudu sai suka kafa dokokin wariya. Makarantar farare daban, ta baƙaƙe daban. Haka asibiti, haka ban-ɗaki, haka famfon shan ruwa, kai har maƙabarta. In baƙi ya je yin rajistar zaɓe, sai a ɗora masa haraji ko a ba shi wata jarrabawa da aka shirya ta don ya faɗi. Wanda ya ɗaga kai kuwa, yana iya rasa aikinsa, ko ma ransa.

Martin yana da shekara shida ya fara ɗanɗana wannan abu. Yana da wani aboki farar fata da suke wasa tare, sai uban yaron ya hana shi kula Martin saboda launin fatarsa. Da ya dawo gida ransa a ɓace, mahaifiyarsa ta zaunar da shi ta ba shi labarin bauta da wariya, sannan ta cusa masa cewa ba wanda ya fi shi daraja don fatarsa. Uwargida, kin ga inda tarbiyya take farawa ke nan. Yana sakandare kuma, suna dawowa daga gasar jawabi shi da malamarsa, direban bas ya tashe su daga kujerunsu don fararen fasinjoji su zauna. A tsaye suka yi tafiyar mil 90 har Atlanta. Daga baya ya bayyana cewa bai taɓa jin fushi irin na wannan dare ba.

Karatunsa da Aurensa

Yaro ne mai kaifin ƙwaƙwalwa. Yana da shekara 15 ya shiga kwalejin Morehouse, ya gama a 1948, ya wuce makarantar horon malaman addini ta Crozer, sannan ya sami digirin digirgir a Jami'ar Boston a 1955. A lokacin karatun nan ne ya saurari wata lacca kan Mahatma Gandhi na Indiya, ya shiga sayen littattafai a kan yadda Indiyawa suka tunkari mulkin Ingila ba da bindiga ba.

A Boston ya haɗu da Coretta Scott, ɗaliba mai koyon kiɗa da waƙa, 'yar asalin jihar Alabama. Suka yi aure a watan Yuni na 1953, Allah Ya ba su 'ya'ya huɗu. A 1954 suka koma birnin Montgomery na Alabama, inda ya zama fasto a wani coci.

Matan Montgomery da Ƙaurace wa Motocin Bas

A Montgomery doka ce baƙi ya zauna a bayan bas, in kuma mota ta cika ya tashi ya ba wa fari wuri, alhali mafi yawan fasinjojin baƙaƙe ne. Ranar 1 ga Disamba, 1955 wata maɗinkiya mai suna Rosa Parks, wadda kuma ita ce sakatariyar reshen ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙe ta NAACP a garin, ta ƙi tashi daga kujerarta. Aka kama ta.

A nan fa 'yan'uwa ku lura da kyau, domin mata ne suka fara kunna wannan wuta. A daren da aka yi kamun, wata malamar kwaleji mai suna Jo Ann Robinson, shugabar wata ƙungiyar mata baƙaƙe, ta kwana tana buga dubban takardun sanarwa, ana kira ga jama'a kada kowa ya hau bas ranar Litinin 5 ga wata. Da gari ya waye aka rarraba su makarantu da shaguna da gidaje. Ranar Litinin motoci suka yi ta wucewa fanko. A ranar ne manyan gari suka zaɓi King ya jagoranci tafiyar. Shekarunsa 26, kuma baƙo ne a garin, bai riga ya shiga rigingimun kowa ba.

An yi zaton abin na kwana ɗaya ne, sai ga shi ya kai kwana 381. Wa ya ɗauki wahalar? Yawancinsu mata ne masu aikatau a gidajen farare, masu girki da wanki da raino. Su ne suke sammako su taka ƙasa mil da yawa cikin sanyi da ruwan sama, su yini suna aiki, su sake takowa gida. Masu motoci suka haɗa kai suna ɗaukar jama'a kyauta bisa tsari. Wata mai girki, Georgia Gilmore, ta tara mata suna dafa abinci suna sayarwa, kuɗin kuma a zuba wa motocin nan mai. Hatta ƙarar da ta rushe dokar a kotu, da sunan mata huɗu aka yi nasara a kanta.

Daren Da Aka Jefa Bam

Ranar 30 ga Janairu, 1956 King yana wajen taro aka jefa bam a barandar gidansa. Coretta tana ciki da jaririyarsu Yolanda, wadda ba ta kai wata uku ba. Allah Ya kiyaye, ba wanda ya ji rauni. Kafin ya iso, ɗaruruwan baƙaƙe sun cika ƙofar gidan cikin fushi, wasu da bindigogi, wasu da wuƙaƙe, ga 'yan sanda farare a tsakiyarsu. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa jini ya kwarara a garin. Da ya tabbatar iyalinsa lafiya lau suke, sai ya fito ya roƙi mutane su mai da makamansu gida, kada su taɓa kowa, kuma su ci gaba da ƙaurace wa motocin ko da shi an kashe shi. Jama'a suka watse. Mahaifin Coretta ya zo ya tafi da ita da jaririyar, ta ce ba inda za ta je ta bar mijinta.

Kada a ɗauka wai da wannan aƙida aka haife shi. Bayan harin nan har neman izinin riƙe bindiga ya yi aka hana shi, kuma an yi kwanaki masu gadi da makamai suna kwana a gidan. Sai da ya yi dogon tunani, ya kuma tattauna da tsofaffin masu bin tafarkin Gandhi irin su Bayard Rustin, sannan ya ga bai dace yana hana jama'a ɗaukar makami alhali shi yana ajiye da shi ba. Ya sa aka fitar da bindigogin.

A watan Nuwamba na 1956 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da cewa wariya a motocin bas ta saɓa wa tsarin mulki. A watan Disamba baƙaƙe suka koma hawa, kowa ya zauna inda ya ga dama.

Mene ne Tafarkin Nasa?

Wasu suna zaton ƙin ramuwa tsoro ne, ko kuwa zaman jiran tsammani. Ba haka King ya fahimce shi ba. A wurinsa, wanda ya ga zalunci ya yi shiru ya taimaka wa azzalumi. Dole a fito a karya muguwar doka a bainar jama'a, da rana tsaka, a kuma yarda a shiga kurkuku saboda ita. Amma abin da ake yaƙa shi ne zaluncin, ba mutumin da ke aikata shi ba, domin gobe da shi za a zauna gari ɗaya. Yana kuma da hujja ta hankali. Baƙaƙe kusan kashi ɗaya ne cikin goma na al'ummar ƙasar, 'yan sanda da soja duk suna hannun farare. In suka ɗauki bindiga sun ba wa hukuma dalilin murƙushe su ke nan. In kuwa aka dake su hannunsu na ƙasa, duniya za ta ga wane ne azzalumi.

Wannan kuwa sai da horo. Kafin a fita zanga-zanga ana tara masu sa kai a yi gwaji: a zage su, a ture su, a tofa musu yawu, don a ga wanda zai iya daurewa. Wanda ya san zuciyarsa ba za ta ɗauka ba, sai a ba shi wani aikin daban. Shi kansa King an gwada shi a 1958, lokacin da wata mata mai taɓin hankali ta soke shi a ƙirji da abin buɗe wasiƙa a birnin Niyok. Da ƙyar likitoci suka ceto shi. Da ya farfaɗo sai ya yafe mata, ya nemi a yi mata magani.

A shekarun nan ya halarci bikin 'yancin kan Gana a 1957, ya ziyarci Indiya a 1959, ya kuma zo Legas a 1960 wajen rantsar da Dokta Nnamdi Azikiwe a matsayin Gwamna Janar.

Birmingham, Washintan da Selma

A 1963 ya tunkari Birmingham, garin da ya yi ƙaurin suna wajen wariya. Aka kulle shi a watan Afrilu. Yana cikin kurkuku ya ga wasu malaman addini farare su takwas sun rubuta a jarida cewa ya cika gaggawa. A gefen takardar jaridar ya fara rubuta musu amsa, yana nuna musu cewa wanda ba shi ake wulaƙantawa ba, shi ke da saukin cewa a jira. A watan Mayu ɗaliban makaranta suka fito dubbai, kwamishinan tsaron garin, Bull Connor, ya sa aka sakar musu karnuka, aka feshe su da mesar 'yan kwana-kwana. Hotunan suka zagaye duniya. An soki King a kan sa yara a gaba, kuma a cikin masu sukar har da Malcolm X, fitaccen jagoran baƙaƙe Musulmi, wanda yake ganin duk wanda aka kai wa hari yana da haƙƙin kare kansa. Sau ɗaya tak mutanen biyu suka haɗu, a 1964.

Ranar 28 ga Agusta, 1963 mutum kusan 250,000 suka taru a Washintan, inda ya yi shahararren jawabinsa kan burinsa na ganin an auna 'ya'yansa da halinsu ba da fatarsu ba. Ba a yi sati uku ba 'yan wariya suka dasa bam a wani cocin Birmingham, ya kashe 'yan mata huɗu. A 1964 aka sa hannu kan dokar da ta haramta wariya a wuraren jama'a da wuraren aiki. A shekarar ce kuma aka ba shi kyautar Nobel ta zaman lafiya yana da shekara 35, ya miƙa kuɗin gaba ɗaya, kimanin dala 54,000, ga harkar gwagwarmaya. A watan Maris na 1965 'yan sanda suka auka wa masu tattaki kusan 600 da kulake da barkonon tsohuwa a kan gadar garin Selma. Wata biyar bayan haka aka kafa dokar kare haƙƙin zaɓe.

Daga Wariya Zuwa Talauci

Da a nan ya tsaya, da ya yi zamansa cikin girma da yabo. Amma kwanaki kaɗan bayan dokar zaɓe sai tarzoma ta ɓarke a unguwar Watts ta birnin Los Anjales, mutum 34 suka mutu. King ya je ya gani da idonsa. Mutanen nan suna da ƙuri'a, ba kuma wanda ya hana su zama a gaban bas, amma ba aiki, ba gidan kirki, ba makarantar kirki. Ya fahimci cewa buɗe wa mutum ƙofar gidan abinci ba ya ƙosar da shi in aljihunsa babu ko sisi.

A 1966 ya kama hayar wani ruɓaɓɓen gida a unguwar talakawa a Shikago, daga baya iyalinsa suka zo suka zauna tare da shi. Ya ga yadda baƙi ke biyan kuɗin haya mai tsada a gidan da ɓeraye suka cika, domin dillalai sun ƙi ba shi gida a unguwar farare. Da ya jagoranci tattaki zuwa waɗannan unguwanni, aka jefe shi da dutse a ka har ya durƙusa. Alkawuran da magajin garin ya yi masa kuwa, yawancinsu a takarda suka tsaya. Fararen arewa da suka tausaya wa baƙaƙen kudu, da magana ta zo kan maƙwabtaka da rabon arziki sai fuska ta canza. Wata ƙuri'ar jin ra'ayi ta 1966 ta nuna kusan kashi biyu cikin uku na Amurkawa ba sa kallonsa da idon rahama. Ta ɗaya ɓangaren kuma, matasan baƙaƙe da yawa sun gaji da shan duka, sun fara cewa tafarkinsa ya tsufa.

Yaƙin Biyetnam

A wannan lokaci Amurka tana tsaka da yaƙi a Biyetnam. Coretta ta riga mijinta fitowa fili a kan wannan, domin tun 1962 ta bi tawagar mata masu neman zaman lafiya zuwa taron rage makamai a Janeba. Shi kuwa mashawartansa suna ta ja masa kunne: Shugaba Lyndon Johnson ne ya sa hannu kan dokokin nan biyu, kada ka ɓata da shi.

A farkon 1967 ya ga hotunan yaran Biyetnam da bam ya ƙone a wata mujalla, yana cin abinci ya ture kwanon gefe. Ranar 4 ga Afrilu, 1967 ya tsaya a cocin Riverside na Niyok ya la'anci yaƙin ƙarara. Hujjojinsa a fili suke. Kuɗin da aka yi alkawarin yaƙar talauci da su, yaƙi yana cinye su. 'Ya'yan talakawa, baƙi da fari, su ake turawa su mutu tare, alhali a gida ba a barinsu su zauna unguwa ɗaya. Sannan da wane baki zai hana matasan unguwa jifa da ƙone-ƙone, in ya yi shiru gwamnatinsa tana ruwan bama-bamai a kan ƙauyuka? A ganinsa wariya da talauci da yaƙi 'yan uwa ɗaya ne, ba a kashe ɗaya a bar biyu.

Ya kuwa ɗanɗana kuɗarsa. Manyan jaridu irin su New York Times da Washington Post suka caccake shi. Ƙungiyar NAACP ta nesanta kanta da matsayinsa. Ƙofar fadar shugaban ƙasa ta rufe, masu ba da gudummawa suka janye hannu. Dama hukumar FBI ta daɗe tana bibiyarsa tana naɗar maganganunsa a ɓoye, har ta taɓa aika wata wasiƙar barazana marar suna, wadda Coretta ce ta fara buɗe ta. Ɗan Adam tara yake bai cika goma ba, kuma marubuta tarihinsa sun tabbatar yana da nasa kurakuran, har a zamansa na aure. Amma a kan wannan magana ta yaƙi bai ja da baya ko taku ɗaya ba.

Memfis da Rasuwarsa

A ƙarshen 1967 ya shelanta gangamin talakawa, inda yake son tara matalauta na kowane launi su yi sansani a Washintan har sai an ba su aiki ko abin dogaro. Ana cikin shiri sai labari ya zo daga birnin Memfis. Ranar 1 ga Fabrairu, 1968 wasu masu kwashe shara biyu sun fake wa ruwan sama a bayan motar shara, injin motar ya tashi ya markaɗe su. Abokan aikinsu baƙaƙe kusan 1,300 suka shiga yajin aiki saboda ƙarancin albashi da wulaƙanci. Wasu na kusa da shi suka ce kada ya raba hankalinsa, shi kuwa ya ga ai waɗannan su ne talakawan da yake magana a kansu.

Tattakin da ya jagoranta ranar 28 ga Maris ya rikiɗe ya zama tarzoma, aka farfasa shaguna, ɗan sanda ya harbe wani yaro mai shekara 16. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai. Ya ƙudurta sai ya dawo ya nuna ana iya yin tattakin cikin lumana. Ranar 4 ga Afrilu, 1968, shekara ɗaya cif bayan jawabin Riverside, yana tsaye a barandar otal ɗin Lorraine da yamma aka harbe shi. An yanke wa wani farar fata mai suna James Earl Ray ɗaurin shekara 99 a kan kisan.

Tarzoma ta ɓarke a birane sama da 100, abin da ya ƙare rayuwarsa yana hanawa. Kwana huɗu da kisan, tun ba a binne shi ba, Coretta ta ɗauki manyan 'ya'yanta uku ta tafi Memfis, ta jagoranci dubban mutane suka yi tattakin da ya yi niyya, shiru, ba jifa ba ƙone-ƙone. Kashegari aka ɗauki gawarsa a Atlanta a kan keken katako da alfadarai biyu ke ja, irin na talakawan manoma.

Abin Da Ya Bari

Mako guda bayan rasuwarsa aka sa hannu kan dokar hana wariya wajen sayar da gida ko ba da haya, masu shara kuma suka sami ƙarin albashi da amincewa da ƙungiyarsu. Sansanin talakawa da aka kafa a Washintan bai cim ma burinsa ba, hukuma ta rushe shi a watan Yuni, yaƙin Biyetnam kuma bai ƙare ba sai 1975. Coretta ta ci gaba da aikin har rasuwarta a 2006, kuma da ƙoƙarinta ne aka ware ranar hutu ta ƙasa da sunansa, wadda aka fara a 1986.

'Yan'uwa, tsayawa kan gaskiya ranar da ake tafa maka ba wuya ba ne. Ƙarfin imanin mutum da abin da ya yarda da shi yana bayyana ne ranar da iyalinsa suke cikin gidan da aka jefa wa bam, da ranar da abokansa suka ce ya yi shiru don ya tsira da girmansa. A waɗannan ranaku biyu King bai ɗauki makami ba, kuma bai rufe bakinsa ba.